Kwana Talatin da Ɗaya

Ranar da suka ɗaure kyamara a turken fitila,
daura da shagon kifin Hargreave, a Grimsby,
ni ce na bi gida-gida da takarda,
ruwa na dukan laimata,
ina roƙon sa hannu a sauke ta.
Goma sha tara na samu.
Sauran suka ɗaga kafaɗa:
ai mai kaza a aljihu, in ji su,
shi ne ba ya jimirin as.

Desmond ma bai sa hannu ba.
Ya ce, Maureen, shekara arba'in
ina sauke kifi a bakin teku,
ba wanda ya dube ni sau biyu.
Yau hukuma ta sayo mini ido da kuɗinta,
ki ce in ƙi?
In za mu wuce sai ya cire hula
ya gaishe ta kamar surukarsa.
Ni kuwa in ba ta ƙeya.

An liƙa rawayan allo a ƙasanta:
ana ɗaukar hoto a nan, ga lambar waya.
Yau da gobe ta cinye rubutun,
tantabaru suka ƙarasa.
Yaran layin suka tashi
ba su san titi ya taɓa zama makaho ba.
Ni kaina na manta,
ƙeyar ce kawai ba ta manta ba.

Ran Talata muka fita sayen burodi.
Ran Alhamis zuciyarsa ta tsaya, yana kan kujera,
shayinsa ko hucewa bai yi ba.

Da masu gaisuwa suka watse
na laluba wayata.
Jikoki, kare, takardar magani,
shi a zaune, shi a tsaye.
Ba ni da tafiyarsa.
Ba ni da yadda yake jan ƙafar hagu
kamar yana lallashinta ta biyo shi.

A ofishin ƙaramar hukuma
wata yarinya, Bethan, da sunanta a ƙirji,
ta ce: hoton kanki za mu iya ba ki,
ba na wani ba, ko da mijinki ne.
Kwana talatin da ɗaya muke ajiyewa,
daga nan sai a shafe.
Na ƙirga da yatsu a kan teburinta.
Saura biyar.
Ta dube ni, ta dubi ƙofa,
ta rage murya:
kuna tare a ranar?
To, nemi naki.

Na cike takarda.
Rigar sanyi: kore. Lokaci: goma da kwata.
Dalili: na bar wurin fari.

Daƙiƙa arba'in da biyu suka aiko.
Ga wata tsohuwa mai koriyar riga,
ta juya wa duniya ƙeya.
Gefenta wani mutum,
an ɗora masa ɗan gajimare a fuska,
kamar yadda ake yi wa duk wanda ba ni ba.
Gajimare mai jan ƙafar hagu.
Gajimare mai riƙe mini jaka.
A daƙiƙa ta talatin ya tsaya,
ya kai hannu sama,
hula ta fito daga cikin gajimare.

Na so in zagi wanda ya rufe fuskar nan.
Sai na tuna abin da na rubuta a takardata
da ruwan sama ya jiƙa:
fuskar mutum tasa ce.
Ashe sun ji.

Har yau ban ce na yi kuskure ba.
A kawo takarda gobe, wataƙila in sa hannu,
wataƙila in ce alƙalami ya ɓace.

Jiya na bi ta wurin.
Ba ni da hula.
Na tsaya, burodi a hammata,
na ɗaga kai, na bar ta ta ƙare mini kallo.
Riƙe, na ce mata,
kwana talatin da ɗaya.
Ko wani zai zo nema.